Gilashin Waya da Fitilar UV daga Farm Centre: Abin da Suka Iya Wajen Rarrabe Faɗa-wuta Masu Awon Ƙasa

A farkon daminar bana na shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano da niyyar sayen abu biyu, wato ƙaramin gilashin ƙara girma irin wanda ake maƙalawa a bakin kyamarar waya, da kuma fitila mai caji da ke fitar da hasken UV, irin hasken nan mai shuɗi-shuɗi da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da shi. Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare a nan cikin birni, kuma na daɗe ina jin nauyin yadda nake koya wa yara rabe-raben halittu daga allo kawai, alhali halittun da ake magana a kansu suna zuwa bangon gidajenmu kowane dare. Dangin da na zaɓa in fara da shi shi ne na faɗa-wutar da masana ke kira Geometridae, saboda kusan duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin bishiya ya ga tsutsarsu, ko da bai san sunanta ba. Wata huɗu ke nan ina aiki da kayan nan biyu, kuma ma'aunin da na auna su da shi guda ɗaya ne: shin suna taimaka wa mutum ya bambanta wannan ƙwaro da wancan, kuma zuwa wane mataki?

Mai shagon, wanda matashi ne mai haƙuri da mai ciniki, ya tambaye ni, "Malam, gyaran waya za ka yi da shi ne?" Da na ce masa ƙwari zan ɗauka hoto, sai ya buɗe kwali uku ya bar ni na gwada kowanne a kan zaren hular da ke kaina, har na zaɓi wanda gefen hotonsa bai cika dushewa ba. Wannan ya kyauta, domin gilasan kamanninsu ɗaya a ido amma aikinsu ya bambanta ƙwarai, kuma ina ba duk mai saye shawarar kada ya karɓi wanda ba a buɗe masa ya gwada a wayarsa ba. Kuɗin gilashin bai kai na caja mai kyau ba. Fitilar ta fi shi tsada nesa ba kusa ba, kuma ita ce ban samu damar gwadawa sosai a shagon ba, tun da rana tsaka ne. Daga nan na bi ta Kantin Kwari na yanki yadi biyu na farin alawayyo, wanda shi ne shimfiɗar da ƙwarin za su sauka a kai.

Tsutsar ce ta ba dangin suna, kuma a kanta gilashin ya fara nuna amfaninsa. Tsutsotsin malam-buɗe-littafi da na yawancin faɗa-wuta suna da ƙafafu na gaskiya guda shida a gaba, sannan da wasu ƙafafun nama a ƙarƙashin ciki, yawanci biyu-biyu har sau biyar. Tsutsar Geometridae kuwa ta rasa na tsakiya, ƙafafun namanta biyu-biyu ne sau biyu kacal, a gaɓa ta shida ta ciki da kuma ta goma, wato can ƙarshen jiki. Saboda haka idan za ta yi tafiya sai ta miƙa gabanta ta kama, ta jawo bayanta har jikin ya tanƙware ya yi baka, sannan ta sake miƙewa, daidai yadda tela ke auna yadi da taƙi idan ba tef a kusa. Daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙasa da awo aka haɗa sunan, kuma wani masani ɗan Ingila, William Elford Leach, shi ne ya kafa sunan dangin a 1815. A ajina mukan ce mata mai awon ƙasa, kuma yara ba sa mantawa da wannan sunan. Wata safiya 'yata ta kira ni, "Baba, zo ka ga tsinken da ke motsi," sai na tarar da ɗaya a reshen bagaruwar da ke bayan gidanmu, ta riƙe reshen da ƙafafun bayanta, ta miƙe tsaye a karkace ta sandare kamar busasshen tsinke. Da na maƙala gilashin na matso har kusan taɓa ta, sai ga ƙananan ƙugiyoyin da ke jere a tafin ƙafar naman sun fito fili, ga kuma siririn zaren da ta saƙa daga bakinta zuwa reshen don ta tsare kanta daga faɗuwa. Ido kaɗai ba ya ganin wannan zaren sai an yi sa'ar haske.

A nan akwai ruɗanin da gilashin ke warwarewa cikin minti ɗaya, kuma ya shafi masu lambu. Tsutsar da ke cin kabeji da tumatir tana tafiya da tanƙwasa, har mutum ya rantse mai awon ƙasa ce, amma sau da yawa ba ita ba ce. Irin su Trichoplusia ni da Chrysodeixis 'yan dangin Noctuidae ne, kuma ƙafafun namansu biyu-biyu ne sau uku. Ƙirga ƙafafun shi ne hukunci, kuma a kan tsutsar da tsawonta bai kai rabin ɗan yatsa ba, ƙirgar ba ta yiwuwa da kyamarar waya zalla, domin da zarar ka matso sai hoton ya dushe. Wannan kaɗai ya isa in ce gilashin ya biya kuɗinsa.

Dangin yana da girma fiye da yadda mutane ke zato. Nau'o'in da aka riga aka bayyana aka raɗa musu suna sun haura 23,000, wanda ya sa shi na biyu a yawa cikin dangogin faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi baki ɗaya, bayan Erebidae, dangin da gizaka da yawa suka fito daga cikinsa. Masana sun kasa shi rassa, kuma huɗu daga cikin rassan su ne suka kwashe kusan dukan nau'o'in. Ennominae shi ne babba, da kimanin 10,000, sai Larentiinae mai sama da 6,000, sai Sterrhinae mai kusan 3,000, sannan Geometrinae mai kimanin 2,500. Sauran ƙanana ne, irin su Archiearinae masu tashi da rana a ƙasashen sanyi, da Oenochrominae da Desmobathrinae, da kuma Epidesmiinae wanda sai a 2019 aka ware shi bayan binciken ƙwayoyin gado, kuma yawancinsa a Ostareliya yake. Abin da na nema daga kayan da na saya shi ne su kai ni aƙalla matakin reshe, idan da hali su kai ni gida, wato rukunin da ke ƙasa da reshe wanda sunansa ne kalmar farko a sunan kimiyya.

Kafin a rarrabe ƙwaro sai ya zo, kuma wannan aikin fitila ne. Na rataya alawayyon a igiyar shanya a tsakar gida, na ɗora fitilar a kan kujera tana haska shi, na kashe sauran fitilun gidan. Game da jan ƙwari, ba ni da abin cewa sai yabo. Na gwada ta da farar fitilar caji ta gida a dare biyu masu kama da juna, kuma bambancin bai buƙaci ƙirga ba, domin idon faɗa-wuta ya fi amsa hasken da ke ɓangaren UV. A daren da wata bai fito ba, aka yi zafi mai ɗanshi bayan ruwan yamma, yadin ya cika har sai da na rasa inda zan fara. Da farin wata kuwa, ko daren da iska ke kaɗawa, abin da ke zuwa kaɗan ne, kuma wannan ba laifin fitila ba ne. Tsaka ma ta gane wurin, takan laɓe a gefen yadin ta kwashe ƙanana, saboda haka sai na riƙa nesanta igiyar da bango.

Aibin fitilar yana batirinta, kuma aibi ne babba. An rubuta a kwalinta cewa tana kwana a kunne, amma a hannuna haskenta kan fara raguwa bayan kamar awa biyu, kafin awa uku ta mutu. Wannan ya fi ciwo ga mai neman Geometridae, domin na lura da yawa daga cikinsu ba sa zuwa da wuri kamar shinge da ƙananan buzuzu, sai dare ya yi nisa gari ya yi tsit. Ba ta kuma yarda ta yi aiki tana kan caji, wanda da ta yarda da sai in jona ta da fawa bank in huta. Murfin robar da ke kare ramin cajin ya ɓalle a mako na uku, a kayan da aka ce yana jure yayyafi. Na koma shagon, mai shagon ya saurare ni da mutunci ya canza mini wata, amma sabuwar ma halinta ɗaya, wanda ya nuna mini cewa matsalar daga ƙirar take. Akwai kuma abin da kwalin bai faɗa ba sam, kuma ya kamata ya faɗa: hasken UV yana cutar da ido idan aka ƙura masa, saboda haka fitilar ta fuskanci yadi, mutum ya tsaya a bayanta, yara kuma kada a bar su su leƙa cikinta.

Idan ƙwarin suka sauka, siffar zama ce ke fara nuna ɗan dangin. Yawancinsu siraran jiki ne masu faɗin fukafukai, kuma sukan shimfiɗa fukafukan huɗu a kan yadi kamar an yi musu guga, ta yadda layukan da suka ratsa fiffiken gaba za su ci gaba a na baya ba tare da yankewa ba. Wanda ya fi sauƙin ganewa shi ne ɗan Geometrinae, saboda korensa mai kama da ɗanyen ganyen zogale. Launin yana fitowa ne daga wani sinadari da ake kira geoverdin, wanda ke koɗewa bayan ƙwaron ya mutu, shi ya sa waɗanda aka adana a akwatunan gidajen tarihi sukan koma fari-fari ko rawaya. A nan hoto ya fi gawa amfani, kuma gilashin ya riƙe koren da kyau, da sharaɗin a kashe fitilar UV a haska da farar tocila lokacin ɗauka, in ba haka ba komai zai fito da shuɗi. Sai dai kore ba hujja ba ce a kowane lokaci. 'Yan gidan Pingasa toka-toka ne masu kama da ɓawon itace, amma a reshen Geometrinae suke, yayin da 'yan gidan Zamarada, waɗanda fukafukansu ke da kore mai ɗaukar ido kamar gilashi da gefe mai ruwan ƙasa, 'yan Ennominae ne. Zamarada gida ne da yawancin nau'o'insa a Afirka suke, kuma daren da ɗaya ya sauka a yadina na daɗe ina kallonsa, domin ta cikin fiffikensa ana iya hango saƙar alawayyon.

Waɗanda suka fi yawa a tsakar gidana ƙanana ne farare ko masu launin yashi, da siraran layuka masu lanƙwasa da ɗigo ɗaya baƙi a tsakiyar kowane fiffike. Waɗannan 'yan Sterrhinae ne, galibi daga gidajen Scopula da Idaea, kuma kowane ɗayan gidajen nan yana da ɗaruruwan nau'o'i masu kama da juna kamar an tsaga kara. A cikin reshen nan ne na samu ƙwaro ɗaya da zan iya kiran cikakken sunansa ba tare da shakka ba, wato Rhodometra sacraria, wanda masanin halittu ɗan Sweden, Carl Linnaeus, ya bayyana a 1767. Shi ba ya shimfiɗa fukafukai kamar 'yan'uwansa, yakan haɗe su ne kamar jinkar ɗaki, launinsa rawaya mai haske, da layi ɗaya ja-ja da ya ratsa fiffiken a karkace zuwa tsininsa. Yana ko'ina a Afirka, kuma yana ƙaura har arewacin Turai. Daga Ennominae kuma, 'yan gidan Chiasmia sun riƙa zuwa a kai a kai, abin da bai ba ni mamaki ba, tun da tsutsotsin da yawa daga cikinsu ganyen itatuwan ƙaya irin su bagaruwa suke ci. Larentiinae ne ban cika gani ba, kuma hakan ya dace da abin da aka sani game da su, cewa sun fi yawa a ƙasashen sanyi da kan manyan duwatsu. A cikinsu ne gidan Eupithecia yake, mai nau'o'i sama da 1,000, wanda wasu tsutsotsinsa a tsibiran Hawai suka bar cin ganye suka koma kama ƙananan ƙwari.

Inda gilashin ya fi burge ni shi ne eriya, wato zaren nan biyu da ke kan ƙwaron. A nau'o'i da yawa eriyar namiji tana da haƙora gefe biyu kamar matajin kai, da ita yake shinshino ƙanshin mace daga nesa, ta macen kuma zare ce sumul. Linnaeus ya yi amfani da wannan bambanci wajen raɗa suna tun a 1758, inda ya ƙare sunayen masu eriya mai haƙora da -aria, na masu eriya sumul kuma da -ata, kuma har yau ana ganin sawun wannan tsari a sunaye irin su betularia da brumata. Na farkon shi ne Biston betularia, wanda yake cikin littattafan sakandare saboda baƙin nau'insa da aka fara rubuta labarinsa a Manchesta a 1848, ya kuma yawaita lokacin da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwan Ingila. Na biyun shi ne Operophtera brumata, mai fitowa cikin hunturun Turai, wanda macensa ba ta da fukafukan tashi. Shekaru ina koyar da labarin Biston ba tare da na nuna wa yara ɗan danginsa ko ɗaya ba, sai bana da na ɗora hoton eriyar wani namiji daga tsakar gidana a gabansu, suka ƙirga haƙoranta da kansu.

Amma gilashin yana da iyaka, kuma mai saye ya kamata ya san ta tun kafin ya biya. Ta fuskar aiki, sai an matso da waya kamar faɗin yatsu biyu daga ƙwaron kafin hoto ya fito, kuma zurfin abin da ke fitowa sarai siriri ne ƙwarai, ta yadda idan ido ya fito to bakin fiffike ya dushe. Babban ƙwaro ba ya shiga hoton gaba ɗaya, sai a cire gilashin a ɗauki jikin duka, a mayar a ɗauki sassa. Maƙalin roba ne mai santsi, yana zamewa daga kan kyamara, musamman a wayoyi masu kyamara uku, kuma sai an cire rigar waya kafin ya zauna. Na saba da ɗaukar hoto goma don in samu biyu masu kyau, na kuma koyi jingina gwiwar hannu da kujera in riƙe numfashi.

Ta fuskar ilimi kuwa iyakar ta fi wannan zurfi, domin alamomin da masana suka dogara da su wajen rarraba dangin ba a saman fiffike suke ba. Abin da ya haɗa dukan Geometridae shi ne kunnuwa biyu da ke gindin ciki, masu wani siririn tsinke a cikinsu da ake kira ansa, waɗanda da su suke jin kukan jemage su kauce masa, kuma suna ɓoye a ƙarƙashin fukafukai. Rassan kuma da jijiyoyin fiffike ake tabbatar da su. A Ennominae, alal misali, jijiyar da ake kira M2 a fiffiken baya ta ɓace ko ta zama alama kawai, alhali a sauran manyan rassan tana nan da ƙarfinta. Ƙurar da ta rufe fiffike tana ɓoye waɗannan jijiyoyi, ko da yake na yi nasarar ganin wasunsu sau biyu ta hanyar sa ƙwaron a kwalbar gilashi in haska tocila daga bayansa. Idan aka zo ga bambanta nau'i da nau'i a gida irin Scopula ko Idaea, sai an fiɗa al'aurar ƙwaron an duba ta a na'urar ganin ƙananan halittu, ko kuma a karanta wani yanki na ƙwayar gadonsa, dabarar da Paul Hebert da abokan aikinsa a Jami'ar Guelph ta Kanada suka gabatar a 2003. Babu gilashin waya da zai yi wannan, ko nawa aka saye shi. Saboda haka a littafin da nake rubuta abin da na gani, mafi yawan shafukan sun tsaya ne a sunan reshe ko na gida, kuma na hana kaina da ɗalibaina rubuta cikakken suna don kawai hoto ya yi kama da wani hoto a intanet.

Hotunan da gilashin ya ba ni sun isa a ɗora su a iNaturalist, inda masu sha'awa da masana ke duba abin da mutum ya ɗauka su tabbatar ko su gyara, kuma nakan gwada su da hotunan da ke rumbun AfroMoths, wanda aka keɓe wa faɗa-wutar Afirka. Na lura cewa hoton da ya nuna fukafukai huɗu daga sama tsaf, da wani na eriya, da kuma tsinken ashana a gefe don nuna girma, shi ne ya fi samun amsa. Wannan ya sa nake ganin aikin yana da daraja fiye da nishaɗi, domin da yawa daga nau'o'in Afirka masana irin su Louis Beethoven Prout, wanda ya rasu a 1943, sun bayyana su ne daga busassun samfura da aka kai Landan, kuma hoton rayayyen ƙwaro da kwanan wata da sunan unguwa a Kano ƙari ne na gaske a kan wannan.

Ga malamin makaranta ko mai lambu ko ɗalibin jami'a, gilashin abin saye ne, kuma na riga na koma na ƙaro guda uku don ɗalibai su riƙa karɓa aro a ƙarshen mako. Fitilar kuwa ba zan ce a saye ta ba sai ga wanda zai wadatu da awa biyun farko na dare. Wanda ke son ya kai tsakar dare ya nemi irin wadda ba ta da batiri a cikinta, wadda ake jonawa kai tsaye da fawa bank, kuma ya gwada ta a inuwa a kan takardar kuɗi kafin ya biya, domin wasu fitilun shuɗin fenti ne kawai a kan farin ƙwai. Na bar wa mai shagon saƙon ya nemo mini irin wannan, ya ce, "In sha Allahu, Malam, kafin kaka." Ina so ta iso kafin hunturu ya shigo, saboda ina da niyyar shimfiɗa yadin a ƙarƙashin gawo, wanda yake fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu, in ga waɗanne masu awon ƙasa ne ke rayuwa a kansa da rani.